Ɗora labari a kan labarin wani: sata ce ko hanyar koyo?

Ummu_Hanan
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na gama wani littafin Turanci mai suna Fangirl, na Rainbow Rowell, wata marubuciya 'yar garin Omaha a jihar Nebraska ta Amurka. A 2013 ya fito. Wuri ɗaya a cikinsa ya tsaya min a maƙoshi, shi ya sa na kawo muku.

Labarin wata yarinya ce, Cath, da ta shiga Jami'ar Nebraska da ke Lincoln tare da abokiyar tagwaicinta Wren. Tun suna ƙanana suke mutuwar son wasu jerin littattafai na wani yaro ɗan makarantar sihiri, Simon Snow. Babu wannan jerin a zahiri, Rowell ce ta ƙaga shi, amma duk wanda ya san Harry Potter zai ga inda aka nufa. Ita Cath ba ta tsaya a karatu ba. Tana ɗaukar taurarin nan ta rubuta nata labarin a kansu, ta saka a intanet da sunan Magicath, dubban mutane suna zaman jiran kowane babi. Irin wannan rubutu shi ake kira fanfik.

Sai ta shiga ajin koyon rubutun ƙagaggen labari na wata Farfesa Piper. Aka ba da aiki, ta miƙa labarin Simon Snow nata. Malamar ta kayar da ita, ta ce wannan satar fasaha ce, tunda taurarin da duniyar tasu ba ita ta ƙirƙira ba. Cath ta ce aro ta yi, ba ta taɓa cewa nata ba ne, kuma ko sisi ba ta karɓa.

Abin da ya sa ya taɓa ni: shekarun baya akwai wani littafin Hausa da muke bi a wani guruf na WhatsApp, marubuciyar ta kashe tauraruwar a shafin ƙarshe. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na zauna na rubuta wani ƙarshen da hannuna, shafi goma sha ɗaya, na saka sunanta a sama, na ce ga yadda zuciyata ta so a ƙare. Kafin la'asar an cire ni daga guruf ɗin, an bi ni da saƙo ana kirana ɓarauniya. Daga ranar ban sake rubuta ko layi ɗaya ba.

Tambayata, don Allah a ba ni gaskiya ko da ɗaci: malamar nan ta yi daidai? Wanda ya ɗora labari a kan na wani, ɓarawo ne ko ɗalibi?

Sadiya_Funtua
Wa alaikumus salam Anti. Ni dai ban ga sata a nan ba. Ɓarawo ɓoyewa yake yi, ke kuwa kin rubuta sunan mai kaya a sama.

Alƙalamin_Fagge
Hajiya Ummu Hanan, ki yi haƙuri, ni ina bayan malamar. Shekara takwas ina rubutu. Wanda bai taɓa zama ya gina tauraro daga babu ba, ba zai san wahalar ba: sunansa, gidan da ya tashi, abin da ke ba shi tsoro, yadda yake magana in ransa ya ɓaci. Wannan shi ne rabin aikin, ko ma fiye. In ka ɗauko tauraron da wani ya gama ginawa, masu karatu sun riga sun so shi kafin ka buɗe baki, to gumin wani ka hau. Kuma a duba inda abin ya faru. Aji ne na koyon ƙirƙira. In malamin ɗinki ya ce ki yanka yadi ki ɗinka riga, sai ki kawo rigar kanti da kika yi wa aiki a wuya, ko aikin ya kai me kyau ba abin da aka sa ki ba ke nan.

Bilkin_Baba
@Alƙalamin_Fagge misalin telan nan ya shige ni, Yaya. Amma ai malamin ɗinkin ba zai ce mata ɓarauniya ba, cewa zai yi ba abin da na tambaya ba ke nan. Bambancin da girma.

MalamarAdabi
Bilki ta taɓo wurin. Na karanta littafin sau biyu, kuma ina koyar da adabi a makarantar sakandare, don haka na san zafin kujerar malamar. A ganina ta yi daidai da ta ƙi karɓar aikin, ta yi kuskure a sunan da ta ba shi. Satar fasaha ita ce ka kwashi kalmomin wani ko tunaninsa ka ce naka ne. Cath kowace jimla ita ta rubuta, kuma babu wanda zai ga sunan Simon Snow a wannan duniyar tasu ya zaci ita ta ƙirƙiro shi.

Sannan kada mu manta, Farfesa Piper ba muguwa ba ce a littafin. Ita ce ta ga baiwar yarinyar tun farko. Da zangon karatu ya ƙare Cath ba ta miƙa babban labarinta na ƙarshe ba, maimakon ta kayar da ita sai ta ɗaga mata ƙafa, ta ba ta zango na biyu ta rubuto. Abin da take so shi ne yarinyar ta daina ɓuya a gidan wani. Nan ne littafin ya fi ƙarfi a wurina. Cath ba lalaci ne ya hana ta rubuta nata ba, tsoro ne. Uwarsu ta tafi ta bar su suna shekara takwas, a daidai kwanakin harin 11 ga Satumba 2001. Ubansu, Art, mai aikin shirya tallace-tallace, yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai tashi da kwantawa, har aka kwantar da shi a asibiti tana tsakiyar karatu. Yarinyar da ƙasa ta taɓa zamewa a ƙarƙashin ƙafarta haka, in ta sami duniyar da ba ta canzawa, dole ta riƙe ta da hannu biyu.

Ɗan_Tsangaya
Salamu alaikum. Ban karanta littafin ba, Turancina bai kai nan ba, amma tunda na fara bin zancen nan kalma ɗaya ke yawo a kaina: tahamisi. Malamanmu sun daɗe suna ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu, su ɗora masa ɗango uku nasu a sama, ya zama biyar, da karinsa da amsa-amonsa. Ishiriniyar da muke rerawa a Maulidi, asalinta ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, Ibnu Muhibu ya yi mata tahamisi, kuma a haka ta iso mana. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Ba wanda ya kira su ɓarayi. Alamar ƙauna ce da girmamawa, kuma gwaji ne na ƙwarewa, don shiga cikin karin wani ka zauna daidai ba ƙaramin aiki ba ne.

Ummu_Hanan
Malam Ɗan Tsangaya, Allah ya ƙara ilimi. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Alƙalamin_Fagge
Malam, ina girmama maganarka, amma akwai gyara. Mai tahamisi ba ya taɓa baitin asali. Yana barinsa yadda yake, ya yi masa rakiya, ma'anar ta ƙara fitowa. Shi kuwa mai fanfik sau da yawa cewa yake yi marubuci bai iya ba, ga yadda ya kamata. Wanda aka kashe ya tashe shi, waɗanda aka raba ya aura su, maƙiya ya mayar da su masoya. Hajiya Ummu Hanan da kanta ta ce ƙarshen ta canza. Wannan ba rakiya ba ce, gardama ce da mai littafi.

Ɗan_Tsangaya
Na karɓi gyaran, gaskiyarka ta wannan fuskar. Sai dai ko a cikin malamai akwai mai sharhi, akwai mai hashiya, akwai kuma mai raddi, kuma duka ana ajiye su a ɗakin karatu ɗaya.

Zarah_Damagaram
Ni don Allah a bar ni na yi maganar Levi, saurayin Cath, tunda kowa ya tsallake shi. Na karanta littattafan soyayya ba adadi, namu da na Faransanci, ban taɓa ganin saurayi irinsa ba. Ba ɗan mai kuɗi ba ne, ba shi da wata mota ta a zo a gani sai tsohuwar a-kori-kura. Ɗan gidan makiyaya ne daga wani ƙaramin gari, Arnold, yana karanta kula da filayen kiwo, yana aiki a shagon kofi na Starbucks. Kullum fuskarsa a sake. Karatun littafi yana yi masa wuya, idanunsa ba sa riƙe shafi, da kunne yake fahimta. Daren da Cath ta zauna ta karanta masa littafin The Outsiders a bayyane tun daga farko har ƙarshe saboda yana da jarrabawa washegari, sai da na ajiye wayar na share hawaye. Kuma shi ne yake roƙonta ta karanta masa fanfik ɗinta. Bai taɓa raina abin da take so ba. Duk macen da ta taɓa ɓoye littafin rubutunta don kada a yi mata dariya ta san darajar wannan.

Maman_Ikram
Zarah ƙanwata, kin manta ya sumbaci wata a wurin walima a gidansu, kwana kaɗan bayan wancan daren, Cath tana tsaye tana gani? Ni daga nan ya fita raina. An yafe masa da sauri.

Zarah_Damagaram
Ban manta ba Anti. Amma ba da sauri ba ne. Ta daina kula shi har aka tafi hutu, sai da ya zo ya amsa laifinsa ya nemi a ba shi dama ta biyu. Kuma lokacin da aka kwantar da mahaifinta, shi ya ɗauke ta a mota daga Lincoln zuwa Omaha, alhali tana fushi da shi.

Maman_Ikram
To, wannan kam ya yi abin kirki. Amma ni Reagan ce tawa a littafin, abokiyar ɗakin Cath. Cath ta yi makonni tana cin 'yan sandunan abincin leda da ta ɓoye a ɗaki saboda tsoron shiga ɗakin cin abincin ɗalibai, ba ta san inda ake bin layi ba, ba ta san inda za ta zauna ba. Reagan ba ta lallashe ta ba, jan ta ta yi suka tafi. Shekarata ta farko a jami'a haka na yi. Na fito daga gidan da ko shago ba a aike na, aka ajiye ni a hostel, mu takwas a ɗaki. Sati biyu ina shan gari da ƙuli a kan gadona don ban san yadda zan tunkari masu sayar da abinci ba. Wata 'yar aji uku, Bayarabiya, ita ta lura, ta ce tashi mu je. Har yau muna zumunci, ta zo sunan Ikram.

Abban_Sadiq
Salam. Ina ganin wajibi ne a faɗi wani abu tunda akwai iyaye a nan da za su iya nemo wa 'ya'yansu. Labarin da Cath ke rubutawa na soyayya ne tsakanin Simon da abokin ɗakinsa Baz, dukansu maza, kuma ana kawo guntayensa a cikin littafin. Akwai shan giya, har Wren ta sha ta kai ga asibiti, akwai zaman saurayi da budurwa a ɗaki ɗaya. Rayuwar ɗaliban Amurka ce aka rubuta yadda take. Kowa ya sani kafin ya saya.

Ummu_Hanan
Gaskiya ne Abban Sadiq, ya kamata in faɗa tun a farko, na gode da ka cike min. Ba tallar littafin nake yi ba, kowane gida ya san abin da zai shigar. Tambayar da ya tayar ce ta dame ni, kuma tana nan ko da wane irin labari aka ɗora.

Lauya_Gobe
Bari in shigo da ɓangaren doka, ina aji huɗu a fannin. Ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Satar fasaha laifi ne na amana, wato ɓoye tushe. Keta haƙƙin mallaka kuwa laifi ne na doka, kuma ambaton sunan mai littafi ba ya wanke mutum daga shi. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar wa marubuci ikon sarrafa aikinsa zuwa wata siga, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Saboda haka Anti Ummu Hanan ba ki yi satar fasaha ba, amma marubuciyar tana da bakin cewa ba ta yarda ba.

A ƙasashen Turawa ma marubutan ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. J.K. Rowling, mai Harry Potter, ta bar masoya su rubuta muddin ba sayarwa za su yi ba kuma ba batsa ba ce, amma da aka zo buga wani kundin bayanin Harry Potter don kasuwa, ita da kamfanin Warner Bros suka kai ƙara a New York suka yi nasara a 2008. Anne Rice ta yi shekaru tana hanawa gaba ɗaya. George R.R. Martin ma ya sha faɗin cewa ba ya so. Abin da ya sa harkar ta rayu shi ne yawancin masu yi ba sa karɓar kuɗi. Dandalin FanFiction.net tun 1998 yake. Archive of Our Own kuwa masoyan ne da kansu suka kafa ƙungiya a 2007 suka gina shi, ba talla a cikinsa, har ya ci kyautar Hugo, wadda ake bayarwa a fannin ƙagaggun labaran kimiyya da almara, a 2019.

Alƙalamin_Fagge
Madalla da Lauya. To a nan gizo ke saƙar: kuɗi. Littafin Fifty Shades of Grey fanfik ne na littafin Twilight tun asali, aka canza sunaye aka buga, aka yi fim. Littafin After na Anna Todd a dandalin rubutu na Wattpad ya fara a 2013, a kan mawaƙan One Direction, shi ma aka canza suna aka sayar. Ashe aron da aka ce na ƙauna ne yana iya zama jari. Kuma mu nan gida mun fi kowa sanin ciwon. Ka kwana kana taifin a waya har yatsunka su sage, ka buɗe guruf na kuɗi, washegari ka ga an kwashe littafin ana rabawa kyauta. Wata ma ta ɗauka ta canza Aisha zuwa Fatima, Kano zuwa Kaduna, ta sa sunanta. Ya faru da ni sau biyu. Shi ya sa marubutanmu da sun ga an taɓa tauraronsu sai jikinsu ya ɗau rawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sadiya_Funtua
Allah sarki Yaya, Allah ya saka maka. Amma ka ga wannan ita ce satar ta gaskiya. Abin da Anti ta yi daban.

MalamarAdabi
@Alƙalamin_Fagge ka kawo mu daidai kan abin da na so in faɗa ɗazu. Akwai ɓarawo na gaske a cikin Fangirl, kuma ba Cath ba ce. Nick ne, ɗan ajinsu. Sun yi zango guda suna haɗuwa a laburare da dare, suna miƙa wa juna littafin rubutu ɗaya, shi ya rubuta sakin layi ita ta rubuta, ita ke gyara masa inda ya yi kauri. Da lokacin miƙa aiki ya zo sai ya ce labarin nasa ne, ita gyara kawai ta yi, ya miƙa da sunansa shi kaɗai. Ina ganin da gangan Rowell ta jera su biyun. Ga wadda ta ari taurarin wani a fili, kowa ya san masu su, an kira ta mai sata. Ga wanda ya rubuta labari sabo fil, taurarinsa nasa, amma ya haɗiye gumin abokiyar aikinsa. Mai karatu ya auna da kansa wanne ne ya ci amana. Daga baya malamar ta gane hannun Cath a ciki, da aka zo bugawa aka ce sai da sunanta da yardarta, ita kuma ta ƙi.

Bilkin_Baba
Wannan wurin ya yi min daɗi sosai. Ta ƙi, duk da cewa sunanta zai fito a mujalla.

Tsohon_Ɗalibi_Zariya
Ina ta karanta ku tun safe. Ku bar ni in ja ku baya kaɗan, mu da muka yi firamare da Magana Jari Ce a hannu. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya a wajajen 1936, bayan an tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da na Gabas. Akwai labaran da tushensu Alfu Laila ne, akwai na tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan nan Grimm, shi kansa akun da ke ba da labari don ya hana ɗan sarki fita yana da 'yan uwa a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Manazarta sun bi sawun wannan sun rubuta. Amma wa zai karanta ya ce ba Bahaushe ne ya yi ba? Ya sa musu rawani, ya zaunar da su a fada, ya sa musu karin magana a baki. Abin da nake so matasa su gane, tambayar da ta fi ita ce me ka yi da abin da ka ara. Wani ya ari hatsi ya dawo da tuwo, wani ya dawo da hatsin yadda yake ya canza buhu kawai.

Kabiru_Sabon_Gari
Baba, in haka ne ai 'yan fim ɗinmu da ke juya finafinan Indiya su ma sun tsira ke nan.

Tsohon_Ɗalibi_Zariya
Wasu sun yi tuwon, wasu buhu suka canza, ɗana. Mai kallo yana ganewa tun kafin a kai rabi. Kuma da za su riƙa rubuta inda suka ɗauko a farkon fim, da rabin surutun ya mutu.

Zarah_Damagaram
Wani abin da ban ga an ambata ba. Ita Rowell ɗin da kanta, bayan Fangirl, ta kasa rabuwa da Simon Snow. A 2015 ta fitar da cikakken littafi a kansa, Carry On, kusan sunan da Cath ta ba nata labarin, sannan ta ƙara biyu a 2019 da 2021. Wato marubuciyar da ta sa malama ta ce wa yarinya ki fita daga duniyar nan ki gina taki, ita ce ta koma cikin duniyar ta zauna shekaru. Ni wannan ya nuna min inda zuciyarta take.

Alƙalamin_Fagge
Ƙanwata Zarah, ai nata ne. Ita ta haife shi, ta koma ɗakin ɗanta. Ba ta shiga gidan maƙwabci ba.

Lauya_Gobe
Ta fuskar doka haka ne Yaya. Amma yaro maraya, zaɓaɓɓe, a makarantar sihiri a Ingila, da abokin gaba ɗan manyan gida, kowa ya san maƙwabcin da aka leƙa gidansa. Doka ba ta kare tsarin labari, kalmomi da taurari takamaimai take karewa, shi ya sa ba wanda ya tuhume ta.

Hauwa_Kumasi
Gaisuwa daga Zango. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce, kuma ina so a ji ta bakinmu. In na bi littafi wata shida, kullum ina jiran sabon shafi, ina sayen data, ina kuka ina dariya, mutanen cikinsa sun zama 'yan gidanmu. Ba a kan takarda suke zaune ba, a cikin kaina suke. Marubuci yana da haƙƙinsa, ban musa ba, amma ba zai hana ni tunanin me ya faru da su bayan shafin ƙarshe ba. Ba yau aka fara ba. Marubuci Conan Doyle ya kashe tauraron labaransa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da rai. Anti Ummu Hanan abin da ta yi shi ne ta rubuta abin da mu sauran muke kwana muna saƙawa. Da ina guruf ɗin nan da na roƙe ta ta turo min ta bayan fage.

Maman_Ikram
Hauwa kin faɗi abin da ke raina. Sai dai ina ganin da Ummu Hanan ta fara tura wa marubuciyar ita kaɗai, ta nemi izini, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Saka shi a cikin guruf ɗinta, gaban masoyanta, kwana biyu da gama littafi, kamar ka shiga gidan biki ne ka ce wa uwar amarya miyarki ba gishiri.

Ummu_Hanan
Maman Ikram, wannan maganar ta shige ni, kuma na yarda. A lokacin ban kalle shi haka ba, zafin mutuwar tauraruwar ne ya rufe min ido. Da na sani da na yi sallama kafin in shiga. Amma kalmar ɓarauniya ce ta karya ni, don ban ɗauki komai na ɓoye ba.

MalamarAdabi
Ummu Hanan, abin da ya fi damuna a duk zancen nan shi ne jimlar nan taki ta saƙon farko, cewa ba ki sake rubuta ko layi ɗaya ba. Ki tuna yadda littafin ya ƙare. Cath tana tseren gama labarin Simon ɗinta kafin littafi na takwas na asali ya fito, har ta so ta watsar da aikin aji saboda shi, suka yi saɓani da Levi a kai. A ƙarshe ta zauna ta rubuta nata, a kan abin da ta fi gudu, wato ranar da uwarsu ta tafi, kuma ya ci kyautar ɗaliban farko a mujallar adabi ta jami'ar, Prairie Schooner. Hannun da ya rubuta wannan a ina ya koyi yadda ake sa mutum biyu su yi magana a ji kamar da gaske? A shekarun da ta yi tana rubuta Simon ne. Ina da ɗalibai mata da suka fara da ci gaban labaran da suka karanta a waya, a bayan littafin lissafi. Ba na hana su. Ina dai ce musu, wannan na motsa hannu ne, ranar jarrabawa ku kawo min mutanen unguwarku.

Alƙalamin_Fagge
A kan wannan ba ni da ja, Malama. Motsa hannu a gida, ko a inda mai littafi ya yarda, ba kuɗi, da sunansa a sama. Matsayata a kan aji da kasuwa tana nan ba ta canza ba. Hajiya Ummu Hanan, wadda ta iya cika shafi goma sha ɗaya a kwana biyu saboda tausayin tauraruwar wani, tana da abin faɗa. In kin rubuta naki, ki turo min babin farko in duba miki, ba ko kwabo.

Kabiru_Sabon_Gari
Ni har yanzu ban gamsu ba. In wani ya ɗauki tauraron Yaya Alƙalami gobe ya rubuta abin da ya fi nasa daɗi, masu karatu suka koma can, me za a ce masa? Haƙuri?

Hauwa_Kumasi
Ai ba za su fahimci na biyun ba sai sun karanta na farkon, Malam Kabiru. Ni duk ci gaban da na taɓa karantawa, komawa ya sa na yi na sake bin asalin.

Sadiya_Funtua
Anti Ummu Hanan, shafi goma sha ɗayan nan suna nan ko kin goge?

Ummu_Hanan
Suna nan Sadiya, a tsohuwar wayata da allonta ya fashe. Ba zan sake fitar da su ba sai in mai littafin ta yarda, kuma ina tunanin in neme ta in ba ta haƙuri a kan yadda na shigo mata. Yaya Alƙalami na gode, na riƙe alkawarin. Akwai labarin kakata da aka aurar daga Gaya zuwa Agadas tana shekara goma sha huɗu, ta yi tafiyar a kan raƙumi, na daɗe ina juya shi a raina. Malama, in an fara irin wannan, daga ranar tafiyar ake farawa ko daga tsufanta tana ba mu labari?